Rasuwar Hajiya Gogo, Uwar Murjanin Falona

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda kashi ɗayansa na rashi ne, kashi biyu kuma na abin da ɗan Adam ya yi mini, ni Injiniya Zainulabideen Bashari, ɗan asalin Gumel, mazaunin unguwar Nasiriya a birnin Riyad, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukkan membobin zaurenmu na masu kiwon murjani, rasuwar Hajiya Gogo. Ta rasu ranar Talata da yamma, kwana goma sha ɗaya bayan Babbar Sallar bana ta 2017, a cikin tankinta na gilashi da ke falona, ina tsaye a kanta ko takalmin aiki ban cire ba. Ta yi jinyar kusan wata biyu. Shekararta shida a hannuna.

Ga waɗanda wannan sanarwa za ta riska a gida, don Allah kada a tayar wa tsofaffi hankali. Gwaggona Gogo ta Gumel tana nan da ranta da lafiyarta, jiya ma ta yi mini faɗa a waya. Marigayiyar takwararta ce. Murjani ce mai rai, daga dangin da mu 'yan harka muke kira zowa, wato wasu ƙananan halittun teku masu kama da furanni, kowane kai bai fi maɓallin riga ba. Suna zaune a jikin dutse kafaɗa da kafaɗa, su buɗe idan haske ya zo, su tsuke idan an ɓata musu rai. Na raɗa mata sunan Gwaggo ne saboda launinta sak atamfar da take ɗaurawa ranar salla, tsakiya ruwan lemo, da zobe shuɗi, da geza kore shar. Hajiya kuwa da gaskiyarta ta ci sunan, domin ta Jidda ta biyo kafin ta iso Riyad.

Marigayiya ba 'yar babban gida ba ce. Gyara aka ba ni ita. A shekarar 2011 na je wani shagon kifi sayen famfon tanki, muka gama ciniki, na ce wa mai shagon mu a garinmu ba a tashi daga kasuwa babu gyara. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zura hannu a kusurwar tankinsa ya ciro wani guntun dutse mai kawuna uku, launin ƙasa-ƙasa, biyu ma a tsuke, ya ce in ɗauka, da ma zubarwa zai yi. Wata huɗu ta yi a ƙarƙashin fitilata tana warkewa daga wahala. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ta ci ado, na tsaya da makulli a hannu ina kallo har maiɗakina Bilƙisu ta fito ta tambayi ko lafiya. Tun daga ranar na nemi irinta a hotuna da shaguna daga nan har Dammam, ban ga ko mai kama da ita ba.

Mai haƙuri ce. Duk wanda ya san Riyad a watan Yuli ya san ba wurin zaman 'yar teku ba ne. A 2013 na'urar sanyaya ruwa ta tsaya cak a tsakiyar zafi, na yi kwana biyu ina jera mata gorunan ƙanƙara daga firjin Bilƙisu. Kifi biyu suka tafi, murjanai masu tsada da nake tinƙaho da su suka yi fari fat. Ita kuwa ta tsuke bakinta ta jira, a rana ta uku ta buɗe kamar ba a yi komai ba. Ba ta taɓa ɗaga murya a gidana ba. Sautin da nake tunawa da ita na ɗakinta ne, famfo yana zuuu a hankali, ruwa yana gangarawa ƙulu-ƙulu ta bayan gilashi. Awa goma nake yi a Birnin Masana'antu na Biyu cikin ƙarar injinan roba, in dawo kunnuwana suna kuka, in zauna a gabanta da kofin shayi. Kafin shayin ya huce na dawo mutum.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Tana da dafi, irin wanda likitoci ke gargaɗi a kansa da babbar murya. Sau ɗaya ta gwada mini shi, a 2014, ranar da na yanke ta babu tabarau ta feso mini ruwa a ido. Kwana uku idona yana kumbure kamar goruba, a wurin aiki har aka fara yi mini nasiha a kan zaman lafiya da iyali. Laifina ne, kuma na yafe mata tun a lokacin. Ita dai dafinta a fili yake, an rubuta shi a littattafai, kowa ya san da zamansa kafin ya miƙa hannu.

Allah ya yi ta mai yawan haihuwa. Daga kai uku ta haura ɗari huɗu, ta rufe dutsen da ya kai girman ƙwaryar fura, kuma ni ne ungozomarta. Duk Juma'ar farko ta wata, da hantsi kafin a tafi masallaci, nakan shimfiɗa jarida a teburin cin abinci, in sa safar hannu da tabarau, in kori kowa daga falo. In fito da ita cikin roba, in nemi gefen da 'ya'ya suka cunkushe, in zura sabuwar reza ta ƙarƙashin shimfiɗar naman da ta haɗa su, in ɗago kai uku ko huɗu tare da ɗan ɓawon dutse, domin wanda aka yanka a tsakiyar jiki ba kasafai yake tashi ba. In tsane ƙasan da tishu, in ɗiga gam, in ɗora su a kan 'yar kujerar siminti, in tsoma a ruwan aidin na 'yan mintuna, sannan in jera su a kan kantar roba mai ramuka a inda ruwa ba ya bugu da ƙarfi. Kwana biyu ko uku suke yi suna fushi a tsuke. Ranar da na farkonsu ya buɗe ido, ni kaɗai na san abin da nake ji.

Kujerun nan ba saye nake yi ba. Da hannuna nake zuba su, siminti da dakakken kwanson teku, a cikin katakon da Bilƙisu ke buga ma'amul, wato cincin ɗin Larabawa mai dabino a ciki. Wata maƙwabciyarta ce ta ba ta katakon, kuma tun ranar da siminti ya shiga cikinsa bai sake ganin fulawa ba. Kowace kujera takan fito da shimfiɗaɗɗen sama, inda nake ɗora jariri, da zanen fure a ƙasanta. Bilƙisu ba ta yafe mini katakon ba har yau, kuma ta ce in rubuta hakan a cikin sanarwa.

A nan dole in faɗi nawa laifin kafin wani ya faɗa mini. Na yi rowar Hajiya. Shekara shida mutanen zaure suna roƙona kai ɗaya, Hausawa da Sudanawa da 'yan ƙasar Saudiyya da 'yan Filifin, ina ce musu insha Allahu idan ta ƙara ƙarfi, alhali 'ya'yanta sun cika kanta biyu a tankina. So nake ta zama tawa ni kaɗai. Sai dai muna da al'ada a zauren da ko marowaci ba ya tsallakewa, wadda muke kira amana. Duk mai murjanin da yake ji da shi yakan yanki ɗa ya ajiye a tankin wani, domin tanki abu ne da kan mutu a wuni ɗaya. Wanda aka ba shi ya reni abin, ya more kallonsa, idan kuma masifa ta faɗa wa mai shi, sai ya yanko masa ya kawo har gida ba tare da an roƙe shi ba. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, kuma wannan ne darajarta. A 2015, da zan tafi hutu gida, na ɗauki kujeru biyu masu kai biyar na kai wa mutum ɗaya tak a duniya.

Sunansa Badamasi. Tare muka tashi a Gumel, gidansu na kallon namu, kwano ɗaya muke sa hannu. Yanzu mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a nan Riyad. Ni na ɗauko shi a filin jirgin sama na Sarki Khalid a 2012 da akwati ɗaya da ledar kilishi, ya yi wata biyu yana kwana a falona a kan katifa, a gindin tankin nan, kafin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta fito. A nan ya kamu da son harkar. Ni na koya masa haɗa gishiri, ni na riƙe masa hannu ranar da ya fara riƙe reza. Da na miƙa masa kujerun ya karɓa da hannu biyu, ya ce in je in dawo lafiya, ko gidansa zai ƙone su zai fara ɗauka.

Ciwon ajalin marigayiya ya shigo ranar Ƙaramar Salla. Badamasi ya zo barka da salla da shi da iyalinsa, ya sha babbar riga, hannunsa riƙe da 'yar roba mai murfi. A ciki wata zowa ce kore-kore, kai goma, irin wadda ake samu a kowane shago. Ya ce ba zai iya shigowa gidan ubangidansa a harka hannu rabbana ba.

To ni ne mutumin da ya rubuta dokar zaure da hannunsa, aka liƙa ta a saman Wasap kowa yana gani: babu abin da zai shiga tanki sai an yi masa wankan magani, an killace shi mako huɗu a tanki na daban. Maganin yana cikin durowa, taku biyu daga inda nake tsaye. Amma falona cike yake da baƙi, amini ya miƙo kyauta da hannu biyu ranar salla, kuma tsoma ta a magani a gaban idonsa daidai yake da maƙwabci ya aiko maka da tuwo ka ɗaga murfi ka sansana ɗan aike yana tsaye. Na yi niyyar in ajiye robar a gefe har su tafi. Sai ya matso jikin gilashi ya nuna da yatsa.

"Zainu, sa ta nan kusa da Hajiya mana, su gaisa. Yau ai ranar zumunci ce."

Na naɗe hannun rigata na sa ta. Baƙi suka ce ma sha Allah. Kunya ce ta sa hannuna a ruwan nan, kuma ba zan ɗora wa kowa wannan ba.

Mako uku bayan haka wani gefe na Hajiya ya ƙi buɗewa. Na auna gishiri, na auna zafi, na canza ruwa, komai daidai. Sai da na sa tocila da gilashin ƙara gani sannan na ga mai laifin. Wata 'yar halitta ce dangin dodon koɗi, sai dai ba ta da gida a bayanta, tsawonta bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma ba ta cin komai a duniya sai zowa. Abin da ya fi ci mini rai game da ita shi ne launin abin da ta ci take ɗauka. Waɗanda na samu a jikin Hajiya ruwan lemo ne da kore, sun kwanta a tsakanin 'ya'yanta kamar 'yan gida, na yi kwanaki ina kallonsu ina yaba kyansu.

Babu abin da ban yi ba. Duk bayan kwana huɗu sai na fito da ita na yi mata wankan magani, tsutsotsin su zube a ƙasan roba. Amma magani ba ya kashe ƙwai, kuma ƙwan nasu wani farin zare ne a nannaɗe a wuyan kowane kai, sai an bi da hantsaki da burushin haƙori ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarar da hutuna na shekara a kan teburin nan. Na sayo wani kifi da aka rantse mini cin tsutsar nan ne sana'arsa, ya shigo ya zagaya tanki sau ɗaya, ya gane inda ake zuba abinci, ya kama layi. 'Ya'yan da ke kan kanta su suka fara tafiya, kujera bayan kujera. Ita kanta uwar, yawan wankan ya galabaitar da ita, ta fara narkewa daga gefe, wani farin yauƙi yana bin inda tsutsa ta ciza. Daga ɗari huɗu ta dawo sittin, daga sittin ta dawo tara. Ranar Arafa kai ɗaya ya buɗe rabi, na kira Bilƙisu da yara suka gani, muka ce an samu sauƙi. Bai sake buɗewa ba. Ranar Talatar da na ambata na taɓa na ƙarshen da bakin hantsaki, ya saki dutsen ya bi ruwa.

Duk tsawon jinyar Badamasi yana kirana ya tambayi mai jiki. Har shawarar magani ya ba ni, kuma shawararsa ta wanda ya san ciwon ce ƙwarai, amma ban lura ba.

Na jira kwana uku ko zai ƙwanƙwasa ƙofa da roba a hannu, kamar yadda al'ada ta ce. Da bai zo ba na ce ƙila aiki ne, na tashi na je da kaina da 'yar robata a cikin leda. Ya tare ni a ɗakin baƙi, ya zuba mini gahawa ya turo dabino. Tankinsa na ɗakin na nan kusan wayam, duwatsu da kifi uku. Na yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe na ce na zo ne kan maganar yaran nan. Ya sunkuyar da kai.

"Ai Zainu, waɗannan sun daɗe da narkewa. Tun bara. Kunyar gaya maka na ji."

Jama'a, ni na ba shi haƙuri. Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya sa a ransa, rai ba a hannunsa yake ba. Na ɓoye ledata a bayana don kada ya gan ta ya ji nauyi. Ya rako ni har mota. Sai daga baya na tuna cewa a duk maganarsa bai ce wallahi ko sau ɗaya ba, shi da ba ya iya faɗin farashin tumatir bai rantse ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya Bilƙisu ta je duba Muhibba, matar Badamasi, wadda ta yi fama da zazzaɓi. La'asar ta riske ta a can, aka shimfiɗa mata dadduma a ɗakin ciki, inda namiji baƙo ba ya takawa ko da shekara nawa ya yi yana zuwa gidan. Da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya tsakanina da tankin. Wannan mace shekara shida tana cewa tankin nan ya cinye mata falo da firji da miji.

"Abban Usaid, na ga 'ya'yanka."

Na ce waɗanne 'ya'ya, ga su can suna kallon talabijin.

"Na Hajiya. Suna ɗakin Muhibba, cikin wani sabon tanki. Sun fi ɗari biyu. Da na idar ina zaune a ƙasa na ɗaga kai, sai ga ƙasan kujerun ta cikin gilashi. Furen katakona ne. Ganye takwas, ɗaya guntu. Ni na guntule shi da wuƙa, na san abina."

Ta ce ta tambayi Muhibba cikin hira yaushe aka kawo wannan kyakkyawan abu ɗaki. Muhibba baiwar Allah ce, ba ta san komai ba, ta ce ai tun kafin azumi maigida ya raba su da tankin ɗakin baƙi, domin wancan ya yi tsutsa, ya sha wahala ƙwarai kafin ya tsirar da waɗannan.

Tun kafin azumi. Wato wata guda kafin salla ya san abin da ke cikin tankinsa. Ya kwashe masu daraja ya kai ɗakin matarsa, ya zura hannu a cikin mai tsutsar ya ciro mini barka da salla. Ba zan ce da gangan ya yi ba, Allah ne ya san abin da ke cikin zuciya. Abin da na sani shi ne mai harhaɗa magunguna ne, kuma shi ya zaɓi wurin da za a ajiye ta.

Kwana biyu bayan haka ya saka hoto a zaure. Tsakiya ruwan lemo, zobe shuɗi, geza kore shar. Ya rubuta cewa wani sabon iri ne da ya samo a wajen wani mai shigo da kaya a Jidda, ya yi shekara biyu yana renonsa a ɓoye, kuma ya sa masa suna Alfijir ɗin Badamasi. Mutanen da suka yi shekaru suna kallon hotunan Hajiya suna haɗiyar yawu suka yi ta zuba masa mabruk, wato barka, suna kama layin samun kai ɗaya. Babu wanda ya ce ai Hajiya ce, kuma ban ga laifinsu sosai ba, wanda ya hana su bai da bakin neman su tsaya masa. Na kai kuka wajen Alhaji Moussa, dattijon Damagaram da ke shugabantar zauren. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma idonsa ya gane ta, amma amana ba ta da shaida, haka muka gina ta, kuma ranar da aka fara kiran mata su ba da shaida a kanta ta mutu ga kowa.

Na kira Badamasi sau ɗaya. Ban ɗaga murya ba. Na ce masa na ji labarin abin da ke ɗakin ciki, kuma ba na neman komai sai kai ɗaya. Sai ya ce:

"Murjani ai kama yake yi, Zainu. Ita kuma Maman Usaid, salla ta shiga yi a ɗakin matata ko bincike?"

Daga nan ba mu sake magana ba. Wannan ne dalilin da sanarwar nan ta yi jinkiri. Na daɗe ban san me zan rubuta a wurin waɗanda ta bari ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni. Ta bar Bilƙisu, wadda ta yi mata kuka a kicin tana tsammanin ban ji ba. Ta bar yaranmu Usaid da Aishat, waɗanda suke ce mata Jidda Gogo, wato kaka, domin Larabcinsu ya fi Hausarsu. Ta bar kifin da aka ɗauko aiki bai yi ba, wanda ya ƙara ƙiba a lokacin jinya. Ta bar baƙuwar salla, zowar nan kore-kore da ta zo da ajalin, wadda tsutsa ko kallonta ba ta yi sosai ba, tana nan garau, kai goma ta zo da su yanzu sun zama ashirin da shida. Ta bar kujerun siminti talatin da ɗaya babu kowa a kansu. Ta kuma bar 'ya'ya da jikoki sama da ɗari biyu a wani ɗaki da ba ni da ikon shiga, suna amsa sunan da ba na uwarsu ba. Ban san ko suna samun hasken da suka saba ba. Ba sa son ruwa mai bugu, kuma idan gishiri ya yi yawa gezarsu takan ƙanƙance, wanda yake riƙe da su ya kula.

Iyalai suna godiya ga duk waɗanda suka aiko da ta'aziyya a asirce alhali sun rubuta mabruk a fili. Allah ya saka wa kowa gwargwadon abin da ya aiko.

Game da jana'iza, na tambayi limamin masallacinmu, ya ce babu wanka babu salla, ya kuma tambaye ni ko ina samun barci. Abin da ya rage na marigayiya dutsenta ne, kuma dafinta yana nan a jikinsa ko bayan rai. Saboda haka kada wani mai tausayi ya ba da shawarar a tafasa shi ko a kankare shi a cikin gida, tururinsa kaɗai yana kwantar da iyali guda a asibiti. Za a jiƙa shi a ruwan bilic a kan soro, a naɗe shi a leda biyu, ni da Alhaji Moussa mu kai shi bayan gari ranar Asabar mai zuwa da safe mu haƙa masa rami mai zurfi. Ba a buƙatar 'yan rakiya.

Zaman makoki a gidana ne, ranar Asabar ɗin, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Akwai gahawa da dabino. Maza a falo, mata a ciki wajen Bilƙisu. Ana roƙon kada kowa ya zo da kyautar murjani, wanda kuma ya zo da ita ya sani a gabansa za a yi mata wanka.

Sai abu na ƙarshe. A kan matakala, bayan ƙofar gidana ta waje, za a ga farin bokiti mai murfi. Ruwan da ke ciki na haɗa shi da kaina, gishirinsa da ɗuminsa daidai da na tankina. Na jera kujerun falo yadda babu wanda zai fuskanci ƙofa, kuma na gaya wa iyalina kada kowa ya leƙa. Duk wanda ya zo da wani abu a cikin aljihun rigarsa zai iya sakawa ya mayar da murfi, ya shigo ya yi gaisuwa kamar kowa, ko ya juya ya sauka abinsa. Ba zan tambayi daga ina ya fito ba, ba zan faɗa a zaure ba, sunan da aka raɗa musu ma a riƙe, na bar shi. Kai ɗaya ya ishe ni, da uku na fara.

Bayan sallar magariba zan fita in ɗaga murfin ni kaɗai. Idan na tarar da ruwa zalla, ranar Lahadi zan zubar da tanki in raba kifin, kuma ina roƙon masu ta'aziyya su sake yi mini wata, domin gawa biyu ce za ta fita daga gidan nan, ta biyun kuwa abota ce mai shekara arba'in.

Ga masu zuwa daga nesa, gidan yana bayan masallacin unguwa, bene mai ƙofa ruwan toka, hawa na uku. Lifta ta lalace, sai a biyo matakala. Wanda ya ɓata ya kira ni a waya. Badamasi ba ya buƙatar kwatance.